Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Asibitocin Jos Kan Limoniyar Da Ke Kama Masu Numfashi Da Na'ura

Zuwa ga shugabannin asibitocin Jos da Bukuru masu sashen kulawa ta musamman, na gwamnati da na mishan da masu zaman kansu, tare da manyan ma'aikatan jinya da ke riƙe da waɗannan sassa.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a garin nan. Shekara 31 na yi ina sa farin kaya, 11 daga ciki a ɗakin da mutanenmu ke kira gobe da nisa. Da na ajiye aiki na yi niyyar kama bakina, in ci ɗan fanshona, in yi renon jikoki. Abin da na gani a damunar bara ne ya sa na ɗauki biro, kuma gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ɗan ƙanwata, saurayi mai shekara 26, yana saro dankalin Turawa yana kaiwa Abuja. Motarsu ta ƙwace a gangaren Hawan Kibo, ya bugu a kai. Aka kawo shi Jos, aka zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro, aka jona shi da na'urar taimakon numfashi, wadda ma'aikata ke ce wa bentileta. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin abin da na gani a can ba su kaɗai ke da shi ba, kuma yaran da suka yi jinyarsa sun yi iyakar ƙoƙarinsu. A kwana na 3 ya fara motsa yatsu idan an kira sunansa. Likita ya ce in aka ɗore a haka, jibi ko gata za a cire bututun. A kwana na 6 zazzaɓi ya rufe shi, majinar da ake zuƙowa ta koma kore mai kauri, aka yi ta ƙara masa oksijin, hoton ƙirji kuma ya nuna ƙasan huhun dama ya yi fari. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Uwarsa ta kama hannuna a baranda ta ce, "Yaya, wallahi sanyin ɗakin nan ne. Garin Jos ga sanyi, su kuma sun kunna masa esi, ko bargon kirki babu." Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya tashi a kan dutsen nan an koya masa cewa limoniya sanyi ne ke shiga haƙarƙari, shi ya sa muke naɗe jarirai kamar ƙunshin goro da zarar hunturu ya kama. Amma ni na riga na leƙa ɗakin. Na ga gadon a shimfiɗe ɗam, saboda hannun da ake murzawa a ɗaga kansa ya karye. Na ɗaga leɓen yaron, na ga haƙoransa sun yi dafe-dafe da datti, harshe ya bushe ya tsage, wari yana tashi. Tun daga nan na san ta inda ɓarawon ya shiga.

Ku kun san wannan karatun, amma iyalan majinyata ma za su karanta wasiƙar nan, don haka ku yi mini haƙuri in yi bayani. Allah ya sa wa hanyar numfashi masu gadi. Hanci yana tace iska ya ɗumama ta. A bakin maƙogwaro akwai ɗan murfi da ke rufewa duk lokacin da mutum ya haɗiye abu, in kuwa wani abu ya kuskure ya bi ta can sai mutum ya ƙware, tari ya turo shi waje. Ranar da muka zura bututu, mun sallami masu gadin nan gaba ɗaya. Murfi ba ya rufuwa, tari ya kwanta saboda maganin barci, baki yana buɗe dare da rana. Abin da ya rage tsakanin ƙazantar baki da huhu shi ne wani ɗan balan-balan a ƙasan bututun, wanda ake hura wa iska don ya toshe gefen maƙogwaro. Yawu da majina, har da ruwan ciki da ke tasowa, sukan taru a samansa kamar ruwa a bayan madatsa, suna tsiyaya kaɗan-kaɗan ta gefe suna gangarawa huhu. A cikin bututun kansa kuma ƙwayoyin cuta kan yi wani yauƙi su manne a wurin da magani ba ya isa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to mu da hannunmu muka tsaga wannan bangon, bisa larura kuma da kyakkyawar niyya, saboda haka gadinsa a wuyanmu yake. Limoniyar da ta bayyana bayan awa 48 da sa bututu, ita nake nufi. Haɗarinta ya fi yawa a kwanakin farko, wajen kashi 3 cikin 100 a kowace rana cikin kwana 5 na farko, kuma idan ta kama mutum takan ƙara masa mako guda ko fiye a kan na'ura.

Tun bayan da korona ta shigo ƙasar nan a Fabrairun 2020, maganar bentileta ta zama maganar kowa. Masu hali sun ba da kyauta, gwamnatoci sun saya, Amurka ma ta aiko da guda 200 a watan Agusta na shekarar. An yanka zare, an ɗauki hoto. Na yi murna da haka, don na yi zamanin da na'ura ɗaya ce a ɗaki, likita ya tsaya yana duban mutum biyu yana tunanin wa zai jona. Sai dai ban taɓa ganin an yi bikin sayen buroshin haƙori ba, ko na gyaran gado, ko na ɗaukar nas guda uku ƙari a aikin dare. Alhali tarihin ɗakin nan ma da hannun mutane ya fara. A 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, yara suna mutuwa saboda numfashi ya gagare su. Wani likita mai suna Biyon Ibsen ya ba da shawarar a huda musu maƙogwaro a riƙa tura iska da jakar roba. Ɗaliban likitanci da na haƙori kimanin 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa suna matsa jaka da hannu dare da rana tsawon watanni, mace-mace suka ragu ƙwarai. Daga nan aka samu sashen kulawa ta musamman. Na'ura daga baya ta zo ta karɓi aikin matsa jakar, amma ba ta karɓi aikin zama kusa da majinyaci ba.

Bari in fara da gado, tunda shi na fara gani. Mai numfashi da na'ura ana so kansa da ƙirjinsa su kasance a ɗage, tsakanin digiri 30 zuwa 45, kamar wanda ya kishingiɗa, don kada abin ciki ya riƙa tasowa maƙogwaro. A 1999 likitoci a Basilona ta ƙasar Sifen sun raba majinyata 86 gida biyu. Cikin waɗanda aka kwantar rigingine, kashi 34 cikin 100 sun nuna alamun limoniya, cikin waɗanda aka kishingiɗar kuwa kashi 8 kawai. Bambancin ya yi yawa har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa. Ga wanda ya bugu a kai irin yaronmu, ɗaga kan ma yana rage matsin da ke cikin ƙoƙon kai, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Akwai waɗanda ba a lanƙwasa su, kamar mai karaya a ƙashin baya ko wanda jininsa ya faɗi warwas, wannan likita zai faɗa, kuma ko mai ƙashin bayan ana iya karkata gadon dungurungum. Amma yawanci ba likita ne ke hanawa ba. An juya majinyaci an canja masa zanin gado, an sauke kan, an manta ba a mayar ba. Ko an zo ba shi kunu ta robar hanci yana kwance shame-shame. Ko kuma ido ya yaudari nas, ta ga kamar digiri 30 ne alhali bai wuce 15 ba. Ni kaina na sha yin wannan mantuwar da ƙarfe 3 na dare, ba zan ɓoye ba. Maganinsa ɗan jan fenti ne a jikin bango ko ƙarfen gado, wanda zai nuna inda kan gado ya kamata ya kai, ta yadda ko mai shara ya shigo zai gane an sauke.

Sai baki, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi aka fi rainawa. Cikin kwanaki kaɗan da kwanciya a ɗakin nan, ƙwayoyin da suka saba zama a bakin mai lafiya sukan ba da wuri, 'yan asibiti masu taurin kai su maye gurbinsu, su yi gida a cikin dattin da ke manne wa haƙora. Wannan dattin ba ya fita da shafa. A zamaninmu mukan naɗa auduga a almakashin tiyata mu tsoma a ruwan gishiri mu zagaya baki, mu rubuta a takarda cewa an yi tsaftar baki. Leɓe ya jiƙe, amma haƙori yana nan yadda yake. Daga baya aka zo da ruwan kuloheksidin mai kashe ƙwayoyin cuta, kowa ya rungume shi, shekara da shekaru shi ne abin tinƙaho. To a 2022 ƙungiyoyin masana yaƙi da cututtukan asibiti na Amurka sun sabunta ƙa'idojinsu, suka sa goge haƙori da buroshi kullum cikin ayyukan da ba makawa, suka kuma janye shawarar wanke bakin kowa da kowa da kuloheksidin, saboda amfaninsa bai tabbata ba kuma akwai fargabar illa idan ya tsiyaya cikin huhu. A ƙarshen 2023 masu bincike a Boston suka tattara gwaje-gwaje 15, suka ga cewa majinyatan da ake goge wa haƙora kullum sun fi tsira daga limoniya, sun fi saurin sauka daga na'ura, kuma mutuwa ta ragu a cikinsu. Buroshi fa, irin na yara mai taushi, wanda ake sayarwa a kowane teburi a Terminus.

Abin ya ba ni kunya da na karanta, domin mu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Mutanen asuwaki ne mu. Ya tabbata cewa a rashin lafiyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ƙarshe, Nana A'isha ta tauna asuwaki ta tausasa masa, ya goge bakinsa da shi. Matar da ba za ta bar mijinta ya fita masallaci da asuba bakinsa ba a wanke ba, ita ce muke tsayarwa a baranda kwana 10 ba mu gaya mata cewa bakinsa bai ga buroshi ba. Ban ce a shiga da itacen asuwaki bakin mai bututu ba, gashinsa na iya tsinkewa ya faɗa ciki. Aikin yana da ƙa'ida: mutum biyu, ɗaya ta riƙe bututu kada ya goce, ɗaya ta goge haƙora da dasashi da harshe na minti 2, ana yi ana zuƙe ruwan don kada ya gangara, aƙalla safe da dare, a shafa ɗan mai a leɓe. Idan asibiti ba zai iya sayen buroshi ba, to a rubuta shi a saman takardar nan da ake miƙa wa dangi ranar farko, wadda ke cike da safar hannu da sirinji da filasta. Babu dangin da za su ce buroshi ya fi ƙarfinsu. Mu muka sayo namu, kuma yarinyar da ke aiki a daren ta ce da ni, "Mama, wallahi mun sani, lokaci ne babu." Zan dawo kan maganarta.

Balan-balan ɗin nan yana da ma'auninsa, tsakanin 20 zuwa 30 a awon santimita na ruwa. In ya gaza 20 ƙazanta ta wuce, in ya haura 30 ya matse jijiyoyin jinin maƙogwaro ya yi masa gyambo. Akwai ɗan agogon awo da ake riƙewa a hannu don wannan aiki, amma a ɗakuna da yawa da ɗan yatsa ake latsa ƙaramin kumburin da ke waje, a ce ya yi daidai. Na yi shekaru ina alfahari da yatsana, har ranar da aka kawo mana agogon na gwada kaina, na ga yatsa maƙaryaci ne. Kuɗin agogon nan bai kai ko kusa da kuɗin na'ura ɗaya ba. A sayi biyu ga kowane ɗaki, a auna a kowane canjin aiki, a rubuta. Ga wanda ake sa ran zai wuce kwana 2 ko 3, akwai bututu mai ƙaramar kafa a saman balan-balan wadda ake zuƙe taruwar ruwan ta cikinta. Ya fi na gama-gari tsada, amma ya kamata masu sayo muku kaya su san da shi.

Igiyoyin roba da ke haɗa na'ura da majinyaci kuwa, an koya mana a canja su duk bayan kwana 2. Yanzu an gane wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma yawan cirewa da mayarwa ma ƙofa ce ga cuta. Sai sun yi datti ko sun lalace ake canjawa. Abin kula shi ne ruwan da ke taruwa a cikinsu, a zubar da shi waje kafin a juya majinyaci, kada a ɗaga igiya ya kwarara cikin ƙirjinsa. Haka robar zuƙe majina, ba a wanke ta a jiƙa a kwano a sake turawa. Jakar matsa iska ma, wadda muke rarumowa a guje idan an ɗauke wuta janareto bai tashi ba, kowane gado ya samu tasa a rufe, ba guda ɗaya mai yawo daga baki zuwa baki ba.

Duk da haka, babu rigakafin da ya kai cire bututu da wuri, ko ma ƙin sa shi idan takunkumin fuska mai tura iska zai wadatar. Kowace rana a kan na'ura sabuwar caca ce. Abin da ke tsawaita kwanakin nan sau da yawa maganin barci ne. A shekarar 2000 likitoci a Shikago suka gwada dakatar da maganin sau ɗaya kowace rana har majinyaci ya farka. Waɗanda aka yi wa haka sun yi kwana 4.9 a kan na'ura, sauran kuwa 7.3. Ana haɗa wannan da gwajin numfashi: a sassauta taimakon na'ura na rabin awa zuwa awa 2, a ga ko mutum zai iya da kansa. Ba kowa ake yi wa ba, mai sandarewar tetanus ko mai jijjiga ko wanda ƙwaƙwalwarsa ke kumbure hukuncinsu daban. Amma tambayar dole a yi ta kowace safiya a gaban kowane gado, da babbar murya: yau me ya hana a cire? Har ranar Asabar da Lahadi, ranku ya daɗe. Na ga mutanen da suka isa cirewa ranar Juma'a da yamma suka jira babban likita har Litinin, Litinin ɗin kuma ta zo musu da zazzaɓi.

To, ga maganar yarinyar nan da ta ce lokaci ne babu. A daren da nake magana su biyu ne a kan gado 6, 4 daga ciki suna kan na'ura. A Ingila ƙa'idar ita ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya mai numfashi da na'ura. Na san ba Ingila muke ba, kuma na san can ɗin ne yaranmu da kuka horar suke tafiya, kowane wata sai an yi walimar sallama. Amma ku duba abin da ƙarancin hannu ke haifarwa. Nas mai majinyata uku ba za ta yarda ɗaya ya farka ba, don in ya farka zai kai hannu ya fizge bututu tana can tana fama da wani, kuma mayar da bututu kansa babban haɗari ne. Sai ta roƙi a ƙara maganin barci, ɗaki ya yi tsit, kowa ya ce aiki yana tafiya daidai. Shirun nan kwanaki yake ƙarawa. Goge baki na son mutum biyu, juya majinyaci na son uku, zaunar da shi a bakin gado na son mai gashin ƙashi ya shigo kullum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ba za ku iya ƙara ma'aikata ba, ni dai a ganina gara gado 4 masu cikakkiyar kulawa da gado 8 na ganin ido. Na san wannan magana tana da ɗaci ga wanda zai tsaya a ƙofa ya ce wa dangi babu gado, na tsaya a wannan ƙofar ni ma.

Wankin hannu ba sai na koya muku ba. Abin da zan tambaya shi ne famfon ɗakin yana zuba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daƙiƙa 20 zuwa 30 da man goge hannu, ko 40 zuwa 60 da ruwa da sabulu, kafin taɓa majinyaci da bayansa. Ta kuma fitar da yadda sashen magunguna na kowane asibiti zai haɗa man da kansa: sinadarin etanol kashi 80, ɗan gilisarin, ɗan haidurojin ferokzaid, da tsaftataccen ruwa. A lokacin korona kwalbarsa tana ko'ina, har ƙofar banki. Yanzu a wasu ɗakunan kwalba ɗaya ce a teburin nas, ita ma an tsinka ta da ruwa. A ɗaure kwalba a ƙafar kowane gado. Safar hannu kuma ba ta maye gurbin wanki, musamman in guda ɗaya ce ake zagaye ɗaki da ita don dangi ne suka saya ana tattalinta. Kuma a ba ƙaramar nas ikon ce wa babban likita, "Ranka ya daɗe, hannu," ba tare da ta ga takardar tuhuma washegari ba. Wannan daga ofishinku kaɗai zai fito.

Me ya sa nake ta nanata rigakafi haka? Don maganin yana ƙarewa. Sakamakon gwajin majinar yaronmu ya nuna ƙwayar cutar Kilebsiyela wadda maganin seftiriyazon bai ko girgiza ta ba, sai da aka koma maganin merofenem, ana aiken mu kantin magani a waje safe da yamma. Ita da 'yan uwanta Asinetobakta da Sudomonas suna cikin rukunin farko na jerin ƙwayoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 tana cewa duniya na neman rasa maganinsu. Babban binciken da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi ƙamari a lissafin yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Mu da muke shan kafso kamar gyaɗa, ba abin mamaki ba ne. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, bayan kwana 19 a kan na'ura maimakon 5 ko 6. Filin da uwarsa ta yi shekaru tana adashi ta saya, shi ya tafi. Matar da ke gadon kusa da shi, wadda jijjigar haihuwa ta kawo, irin wannan zazzaɓin ya kama ta, ita ba ta fita ba. Danginta suka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, babu mai wuce wa'adinsa. Amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma igiyar tana hannunmu ne ba hannunsu ba.

Roƙona mafi girma shi ne ku fara ƙirgawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce cikin kowane majinyata 100 da aka kwantar a ƙasashe irin namu, 15 sukan kwashi wata cuta a asibitin, a ƙasashe masu arziki kuwa 7. Nawa ne a ɗakinku? Ba a bukatar kwamfuta. Littafi ɗaya ya isa: kowace safiya a rubuta mutum nawa ke kan na'ura, a rubuta duk wanda limoniya ta kama, ƙarshen wata a fitar da adadi cikin kowane kwana 1,000 na na'ura, a manna a bango inda ma'aikata za su gani. A gefensa a manna takardar ɗakin gwaji mai nuna ƙwayoyin da ke yawo a asibitin da magungunan da suka rage suna jinsu, don likitan dare ya daina harbi cikin duhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya ga kowane gado 250 wanda ba shi da wani aiki sai hana yaɗuwar cuta, kuma Hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Najeriya tana da shirin horar da irin waɗannan ma'aikata. Na san da yawanku kuna da kwamitin a takarda. Ku ba shi kasafi da kujera a taronku. Sai dai ku kiyaye abu ɗaya: ranar da aka hukunta nas don adadin ɗakinta ya yi sama, daga ranar littafin zai koma sifili, limoniya kuma ta ci gaba da aikinta da sunan maleriya.

Dangi ma ku daina ganinsu a matsayin masu cika baranda. Suna nan dai, kwance kan tabarma cikin sanyin nan, jira suke a aike su. A gaya musu da Hausa, da Birom, da duk harshen da suke ji, cewa kan gado a ɗage ake so, baki sau biyu ake gogewa, kuma suna da damar tambaya ko yau an gwada farkar da shi. Mai jinyar da ta san abin dubawa ido ne na kyauta. Wasu ma'aikata za su ce za a raina su. Ni na ga akasin haka, dangin da aka yi wa bayani su ne ba sa zuwa da faɗa.

Ban ce za a kawar da cutar nan ƙaf ba. Wanda ya shaƙi amai a bakin titi kafin a kawo shi, ko wanda aka yi ta jijjiga shi a mota zuwa wani wuri don hoton ƙwaƙwalwa, yana iya kamuwa ko me aka yi. Abin da nake roƙo shi ne ɗayanku ya bar zagayen ƙarfe 10 na safe, lokacin da an share an goge kowa ya gyara tsayuwa, ya shigo da ƙarfe 2 na dare ba sanarwa. Ya dubi kan gado, ya murɗa famfo, ya ɗaga leɓen majinyaci, ya ƙirga masu farin kaya. In kuna son mai zagayawa da ku, ƙafafuna suna ɗauka ta tukuna, kuma akwai irina da yawa a garin nan da suka ajiye aiki, waɗanda za su zo su koya wa yara goge bakin mai bututu ba tare da sun nemi ko kuɗin keke ba.

Watan jiya na koma ɗakin in kai wa yaran nan buhun dankali, tukuicin da ɗan ƙanwata ya aiko, don ya koma kasuwarsa ko da yake muryarsa ba ta gama washewa ba. Gadon da ya kwanta yana nan, wani dattijo ne a kai. Sun tokare masa katifa da kwalin ruwan ƙari guda biyu da filo, na kuwa sa musu albarka. Hannun gadon har yanzu a karye yake. Na tambayi wani mai walda a Dilimi, ya ce in an kawo masa da safe, kafin la'asar an gama.

Ku huta lafiya.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Unguwar Rogo, Jos.